Ƙasar da Makaɗi Ke Kama Kunne In Ya Ambaci Malaminsa

Rakiyar jinya ce ta kai ni Indiya. Yayana ya daɗe yana fama da gwiwa har ta kai sai a kan kujera yake salla. Likitoci suka ce sai aiki, dangi suka tattara abin da ya sawwaƙa, aka ce ni da maiɗakinsa mu bi shi. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Kano, kuma cikin abin da nake koyarwa babu wanda ya fi kwanta mini kamar waƙoƙin baka. Saboda haka tun kafin mu tashi na ƙudurta cewa in Allah ya ba Yaya sauƙi, sai na ga makaɗan ƙasar da idona, ba na fim ba, waɗanda su Indiyawan ke ɗauka a matsayin manya.

Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka yada zango a Adis Ababa, muka kwana a sama, gari ya waye mana a Delhi. Agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi. Duk mai niyyar wannan tafiya ya adana katinsa na rigakafin shawara tare da fasfo, don ana tambayarsa. A teburin shige da fice kuwa mai koren fasfo sai ya yi haƙuri: takardar asibiti, adireshin masauki, tikitin komawa, duk sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan aka ɗauki hoton yatsunmu. Da muka fito sai muka tarar da sanyin Janairu, wanda ya fi hunturunmu shiga ƙashi, ga hazo wanda ba ƙura ba ce, hayaƙi ne da raɓa suka haɗu suka rufe gari.

Zancen asibiti ba zan ja shi ba. An yi aiki, an dace, alhamdulillahi, likita ya ce Yaya zai zauna ana koya masa taka ƙafar kafin a sallame shi. Mun kama ɗaki biyu da ɗan kicin kusa da asibitin a kan rupi 2,000 kowane kwana, a lokacin rupi ɗaya na neman naira 17. Tafintanmu wani ɗalibi ne ɗan Katsina da ke karatu a wajen gari, yaro mai ladabi, ya ji Indiyanci har ya fi Turanci a bakinsa. Shi ya zama abokin tafiyata.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina ya faru ne a bakin titi. Adaidaita sahun da muka hau ta mutu, direban ya tura ta gaban wani dattijon bakanike, ya haɗa hannu ya ce masa “Ustad ji”. Na dubi dattijon, hannunsa duk baƙin mai. Ba mu yi nisa daga nan ba na ga wani babban allo da hoton mutum mai gashi buzu-buzu a bayan ganguna biyu, an rubuta Ustad Zakir Hussain. Na ce wa yaron, wannan fa? Ya ce, “Malam, a nan duk wanda ya gwanance a sana'a har ya yaye wasu, Ustad ne. Amma a bakin manyan makaɗa kalmar ta fi nauyi.” A Kano in aka ce Ustaz, malamin Islamiyya ne ke zuwa mana a rai, sau da yawa ma wanda ba ya zama inda ake kiɗa. A can kuwa wannan Ustad ɗin makaɗin tabla ne, wato ganguna biyun nan, wanda ya rasu a Disambar 2024, kuma ƙasar ta yi makokinsa tun daga shugabanni har masu shayi. In makaɗin ɗan Hindu ne sai a ce masa Pandit, laƙabin da asalinsa na malaman littattafan addininsu ne. Macen da ta kai wannan mataki Vidushi ake ce mata, Musulma kuma Begum. A kudancin ƙasar, in ji shi, Vidwan suke cewa.

Daren Juma'a yaron ya kai ni unguwar Nizamuddin, inda hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya yake, babban shehin ɗariƙar Cishtiyya da ya rasu a 1325. Ana bi ta wani lungu mai cunkoso, masu sayar da furanni da hula da turare suna ta jan rigar mutum, ana ajiye takalmi a hannun mai gadi a ba shi rupi 10 ko 20. Kafin a isa wurin shehin sai an wuce kabarin almajirinsa Amir Khusrau, mawaƙin da ake danganta wa asalin ƙawwali, wato waƙar begen sufayen ƙasar, wanda ya bi bayan malamin nasa a shekarar. Al'adar wurin ita ce a fara gaida almajirin. Bayan magariba 'yan ƙawwali suka zauna a ƙasa suna fuskantar hubbaren, da akwatin kiɗa mai zugazugi da ganga da tafi, jagora na bayarwa 'yan amshi na karɓa. Wanda ya saba da majalisin bege a Kano ba zai ji baƙunta ba. Akwai abin da zuciyata ba ta karɓa ba, musamman masu kai goshi ƙasa a bakin ƙofa, na tsaya gefe na yi addu'ata na koma sauraro. Abin da na lura shi ne, kafin jagoran ya ɗauki baiti sai ya ambaci mai shi, kuma bai taɓa kiran sunan Khusrau tsurarsa ba, sai ya gabatar da laƙabin girmamawa na Hazrat.

Da Yaya ya fara takawa da sanda, shi da kansa ya ce, “Je ka ga abin da ka zo gani, ga uwar ɗakinka nan tana kula da ni.” Muka yanki tikitin jirgin ƙasa na safe zuwa Gwalior, wajen kilomita 320 kudu da Delhi, kusan rupi 1,000 kowannenmu har da karin kumallo. A ƙofar tasha sai an sa jaka cikin na'ura, haka ma a jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin gari, har mutum ya saba. Mun wuce Agra ban sauka ba, muka haye kogin Chambal mai kwazazzabai, kafin azahar muna Gwalior.

Garin na kwance ne a gindin wani dogon dutse, an gina fada da ganuwa a kansa. Ni ba dutsen ya kawo ni ba. A wata tsohuwar unguwa da ke ƙasansa akwai lambu mai faɗi, a tsakiya ga hubbaren Shehu Muhammad Ghaus na ƙarni na 16, babban gini mai ƙubba, bangonsa dutse ne da aka fafe ya zama raga, iska da haske na ratsawa. A gefensa, ƙarami ƙwarai, ga kabarin Tansen. Shi ne mawaƙin da Sarki Akbar na daular Mughal ya ɗauko daga fadar Rewa a 1562 ya sa shi cikin manyan fadawansa tara, ya kuma ba shi laƙabin Miyan, wato mai girma, masani. Shekara fiye da 400 ke nan, amma har yau akwai kare-karen sauti da ke ɗauke da wannan laƙabi, Miyan ki Todi da Miyan ki Malhar, kuma duk ɗalibin waƙa sai ya koye su. Ba a karɓi kuɗin shiga ba. A kowane Disamba ana babban taron makaɗa a wannan lambu, an yi na ɗari a 2024, ni dai na zo bayan an watse.

Kusa da kabarin akwai tsamiya. Da na gan ta sai da na yi murmushi, don tsamiyarmu ce sak, ganye da ɓawo. A wurinmu mutane na kaffa-kaffa da gindinta da tsakar rana, a can kuwa mawaƙa ke tsinkar ganyenta su tauna, wai yana zaƙaƙa murya albarkacin mai kabarin. An kewaye ta saboda yawan tsinka. Ina zaune wata mata ta zo da 'yarta, suka cire takalmi, yarinyar ta zauna ta rera wani abu gajere da muryar da ke rawa don kunya, uwar ta share hawaye, suka tafi. Yaron ya tambaye su, suka ce ranar ce za a kai ta wurin malami karon farko.

Da la'asar muka nemi Sarod Ghar, tsohon gidan zuriyar Ustad Amjad Ali Khan, makaɗin sarod (wani abin kiɗa mai tsirkiya), da aka mayar gidan tarihi. Kayan kiɗan magabata ne a jere, kowanne da sunan mai shi da na wanda ya koya masa. Mahaifin Amjad, Ustad Hafiz Ali Khan, makaɗin fadar Gwalior ne, ya rasu a 1972. A nan na fara fahimtar abin da suke kira gharana, wato gidan koyo: salo guda da ake miƙawa daga malami zuwa almajiri, ana kiransa da sunan garin da ya tsiro. Na Gwalior shi ne mafi daɗewa a irin waƙar da suke kira khayal. Iyayen gidan Musulmi ne, Haddu Khan da Hassu Khan, amma almajiransu da yawa 'yan Hindu ne, kuma daga wannan salsala Pandit Vishnu Digambar Paluskar ya fito, wanda ya buɗe makarantar kiɗa a Lahore a 1901. Ustad ya yaye Pandit, Pandit ya yaye Ustad, a ƙasar da addini ke yawan haɗa mutane faɗa.

Mun ci tuwon dare, in za a kira shi haka, a wata rumfa kusa da masallaci: gurasa mai zafi da miyar wake da ɗan naman akuya, rupi 150. Yajin ya fi ƙarfina, na bi da nono.

Daga Gwalior zuwa Banaras jirgin dare muka hau, taragon kwana mai gadaje hawa uku, an ba kowa bargo da zanin gado, rupi 1,100 da 'yan kai. Hazo ya sa jirgin ya riƙa rarrafe, tafiyar da ya kamata ta ƙare da hantsi ta kai mu bayan la'asar. Ban yi baƙin cikin jinkirin ba, don a wannan tarago na samu abin da ya fi komai amfani a tafiyar.

Gadon da ke fuskantar nawa na wani dattijo ne mai farin gemu, Musulmi, tare da wani saurayi da ke ɗauke da jakar tabla. Saurayin ɗan Hindu ne, akwai jan ɗigo a goshinsa. Shi ya shimfiɗa wa dattijon gado, ya cire masa takalmi, ya sayo shayi a ɗan kofin yumɓu ya miƙa da hannu biyu, bai zauna ba sai da aka ce ya zauna. Da asuba da dattijon ya tashi alwala, shi ya riƙe masa buta. Muka yi salla a zaune ni da dattijon, daga nan hira ta ɓarke, ɗan Katsina na fassara.

Na ce masa, “Ustad, shekara nawa kana wannan sana'a?” Ya ɗaga hannu ya ce kada in kira shi haka, shi almajiri ne, Ustad shi ne wanda ya koya masa. Da zai faɗi sunan malamin nasa sai ya kai hannu ya kama leɓatun kunnensa, ya sunkuyar da kai, sannan ya faɗa. Na ɗauka ƙaiƙayi ne. Da ya sake ambatonsa ya sake kamawa, saurayin ma ya kama nasa. Na tambaya, ya ce neman afuwa ne, don bakinsa bai kai ya furta sunan ba. Malamin ya fi shekara talatin da rasuwa.

Na tambaye shi wa ke naɗa mutum Ustad ko Pandit. Ya ce babu hukuma, babu takarda, babu rawani. A da sarakuna na bayarwa. Yanzu kuwa sai ranar da manyan sana'ar, waɗanda suka san inda kuskure ke ɓuya, suka fara kiranka da shi a gaban jama'a. Ya ba ni labarin Zakir Hussain, cewa sai a 1988, lokacin da gwamnati ta ba shi lambar Padma Shri, Pandit Ravi Shankar, mashahurin makaɗin sitar mai tsirkiya, ya kira shi Ustad a kan dandamali, duk da cewa duniya ta riga ta san hannunsa, kuma ɗan babban makaɗin tabla Ustad Alla Rakha ne. Shi kansa Ravi Shankar, ɗan gidan Brahman, wato zuriyar malaman addinin Hindu, da ya yi yawon Turai yana yaro, ya bar komai a 1938 ya tare a ƙaramin garin Maihar wurin Ustad Allauddin Khan, ya yi shekaru yana zaman almajirci, kuma har ya rasu a 2012 Baba yake ce masa. Dattijon bai ɓoye ɓacin ransa ba game da 'yan zamani. Ya ce yanzu yaro zai yi shekara biyar yana koyo, ya buga kati, ya rubuta wa kansa Pandit. Na ce masa ciwon nan har gidanmu ya kai.

Saurayin ya nuna mini zare ja da rawaya a tsintsiyar hannunsa. Ba ranar da ya fara zuwa aka ɗaura masa ba, sai da ya daɗe yana hidima ana duba halinsa. Ranar ɗaurin an tara 'yan sana'a shaida, malamin ya ɗaura zaren, ya sa masa gasasshen wake da mazarƙwaila a baki, shi kuma ya miƙa abin da ya sawwaƙa. Daga ranar ya zama ɗa, kuma duk inda ya yi kiɗa, kyau ko muni, sunan malamin ne a kansa. Dattijon ya ce a ƙuruciyarsa ya yi abin da suke kira chilla, kwana arba'in a ɗaki, ba ka ganin kowa sai mai kawo abinci, kiɗa kawai. Gardawanmu da ke shiga daji don tilawa sun san irin wannan.

Ni ma sai na ba shi namu. Na ce a tsangaya yaro na farawa ƙolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Ba a ce masa Alaramma sai ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka. Gwani kuwa sai gwanaye sun zauna da shi sun gwada shi sun sallama, ya san adadin kowace kalma da inda 'yar uwarta take, a samansa kuma akwai Gangaran. Babu mai ba kansa waɗannan, in ma ya ba kansa, zama ɗaya a musaffa zai tona shi. Dattijon ya gyara zama, ya ce to ai abu ɗaya ne, su waye gwanayen makaɗanku, kuma wa ya koya musu? Rabin farko na tambayar na amsa da sauƙi. Rabi na biyun ne ya tsaya mini a wuya har muka isa.

Banaras, wadda a takarda ake rubuta Varanasi, ta karɓe mu da cunkoson da ya fi na Delhi: shanu, kekuna, babura, masu ɗauke da makara zuwa bakin kogi suna kirari, duk a lungu ɗaya. Neman masauki ya ba mu wuya. Wurare da dama suna ganin fuskata sai su ce ba ɗaki, wani ya ce ba shi da izinin saukar baƙin waje, wani kuma ya tambayi ƙasata, da ya ji sai ya girgiza kai. Abin ya yi mini ciwo, don na san laifin wasu ƙalilan ne ake shafa wa kowa. Daga ƙarshe wani masaƙi Musulmi a unguwar Madanpura ya raka mu wani ɗan otal, aka cike takardar da ake kai wa 'yan sanda, aka kwafi fasfo da biza, rupi 1,200. Masaƙin ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma aiko mana da shinkafa da nama. A wasu sassan garin, musamman wajen kogi, ba a sayar da nama, sai ganye da wake da madara.

Da sassafe muka gangara Assi Ghat a bakin kogin Ganga, inda ake zaman kiɗa kowace safiya. Ibadarsu na tsaya daga nesa. Da aka zo kiɗa na matso. Wani mutum ya ɗauko shehnai ya busa, tsigar jikina ta tashi, don algaita ce, sai dai muryarta ta fi laushi, kuma a zaune ake busa ta, a hankali, mutane na sauraro shiru kamar ana karatu.

Saboda wannan abin busa na zo garin. Ustad Bismillah Khan, wanda aka haifa a 1916 a Dumraon ta jihar Bihar, a nan ya tashi a hannun kawunsa Ali Bakhsh, shi ya koya masa. Kafin shi, shehnai kayan biki ne da ƙofar fada da wurin bauta, mai busa ta a tsaye yake a waje, ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Shi ya hau da ita dandamalin manya a Kalkata a 1937, shi ya busa ta a Jan Ganuwa ta Delhi lokacin samun 'yancin kai a 1947. A 2001 aka ba shi Bharat Ratna, lambar da babu ta sama da ita a ƙasar, kuma da ya rasu ranar 21 ga Agusta 2006 gwamnati ta ayyana makoki na ƙasa. Jami'ar Hindu ta Banaras ta ba shi digirin girmamawa, amma ban ji ko mutum ɗaya ya ce masa Dokta ba. Mai shayi, mai keke, ɗan sanda, duk wanda muka tambaya hanya, Khan Sahab yake cewa, ko Ustad. Gidansa na cikin wani matsattsen lungu a Sarai Harha, gida ne irin na kowa, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. Daga nan muka je maƙabartar Fatman na yi masa addu'a.

A hanyar dawowa muka ratsa Kabir Chaura, unguwar da kusan kowane gida na makaɗa ne, inda su Pandit Kishan Maharaj mai tabla suka zauna. Ta tagogi kana jin yara na maimaita darasi da baki kafin su taɓa ganga. Mun leƙa wani zaure, muka ga kowane yaro in ya shigo sai ya taɓa ƙafar malamin ya shafa a ƙirji. Ni tsugunnawarmu da cire takalmi sun ishe ni, ba zan so ɗana ya taɓa ƙafar kowa ba. Amma na ga malamin shi ma, kafin ya fara darasi, ya juya ga hoton nasa malamin ya kama kunne.

A daren nan na kasa barci ina juya tambayar dattijon jirgi. Ba za a ce Bahaushe bai girmama makaɗansa ba. Fada ta ba su sarautu: Sarkin Makaɗa, Sarkin Taushi, Sarkin Tambura, Sarkin Kakaki. Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne, Katsina ma ta yi nata Sarkin Taushin da kowa ya sani. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kuma mutane suka karɓe shi hannu biyu, har yau Dokta ake ce masa, don kowa ya san ya ci sunan. Sai dai sarautar makaɗi a wurinmu tana nuna ubangidansa ne, tana faɗa maka sarkin da yake yi wa kiɗa, ba ta faɗa maka wanda ya koya masa ba. Kuma duk rawaninsa, a idon mutane da yawa maroƙi ne, ana jin daɗin waƙarsa ana ƙin ba ɗansa aure. Kalmar Malam ba mu cika yarda ta hau kan mai kalangu ba. Sa'idu Faru da kansa ya riƙa kiran kansa malamin waƙa, kuma wanda ya zauna ya feɗe waƙoƙinsa ya san ba cika baki ba ne. Da yawansu sai da suka je Makka suka samu laƙabin da ya zaunar da su cikin dattawa.

Salsalar kuwa akwai ta, mu ne ba mu riƙe ta da daraja ba. Musa Ɗanƙwairo ya tashi ne a hannun mahaifinsa Usman Ɗanƙwanda, ya yi amshi a bayan wansa Abdu Kurna kafin ya ja ragama. Mun san wannan saboda irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bi ƙauyuka sun tambaya sun rubuta. Amma mai algaitar hakimin garinku, wa ya san sunan wanda ya koya masa? Zabiyar da ta yi wa iyayenmu waƙar aure fa? Yau kuma ga sarautun waƙa da digirorin girmamawa na yawo a allunan talla, wasu na gaske, wasu ba wanda ya san inda aka naɗa su, kuma da wuya ka ji matashin mawaƙi ya buɗe baki ya ce ni wane ne ya yaye ni. Wannan ya fi ƙin ba mu ɗaki ci mini rai.

Komawa Delhi jirgi mai sauri muka hau, awa takwas a ka'ida, kusan rupi 1,800, ta Prayagraj da Kanpur. Na tarar Yaya na zagaya tsakar gida ba sanda. Likita ya sallame mu, muka sayi magunguna da 'yar tsaraba, muka biyo ta Adis Ababa zuwa Kano. Zagayen nawa gaba ɗaya, ni da ɗan Katsina, jirgi da masauki da abinci da abin da na ba shi na wahalarsa, bai wuce rupi 20,000 ba.

Da aka koma makaranta na ba 'yan ajin ƙarshe aikin gida: kowa ya nemo makaɗi ko mawaƙiya a unguwarsu ko ƙauyensu, ya tambayo laƙabinsa, wa ya ba shi, wa ya koya masa, shi kuma wancan wa ya koya masa. Yawancinsu sunayen mawaƙan situdiyo suka kawo daga waya, layin malami kuma suka bar shi fayau. Wani yaro ya je wurin mai kalangun mahautan kasuwarsu, tsohon ya ce tun da yake ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba, ya lissafo masa uba da kaka da kawun kakan. Wata yarinya kuma ta gano cewa kakarta ta wajen uwa zabiya ce kafin ta bari, a gidan ba a taɓa faɗa mata ba. Tsohuwar ta yarda mu je da na'urar ɗaukar murya bayan ƙaramar salla, da sharaɗin 'ya'yanta maza su amince, kuma na riga na aika wa babban cikinsu.